Ku daina ce wa yaron nan "Janar" tun bai gama ba

Rubutun zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana, ya karanta in ya samu sarari.

Shekaranjiya da daddare, a zaurenmu na WhatsApp na 'yan Arewa da ke nan Fatakwal, wani ya turo bidiyon nan na Admiral McRaven, tsohon kwamandan zaratan sojojin Amurka, jawabin da ya yi a bikin yaye ɗaliban Jami'ar Texas a 2014. Kun san shi ai, wanda ya fara da maganar gyara gado da safe, ya ƙare da gargaɗin kada mutum ya kaɗa ƙararrawar sallamawa komai wuya. Aka shiga yabo, wannan ya turo hoton wuta, wancan ya turo na dantse. Can sai wani ya kawo labarin wani yaro ɗan unguwarsu da ya tafi horon soja ya dawo bayan wata biyar, ya ce wai ragon maza ne, kewar tuwon gida ce ta dawo da shi. Aka yi ta dariya. Ni dai ban sa baki ba, don mutumin da ke kwance a katifar da ke kusa da tawa yana cikin zauren, kuma a idona ya kife wayarsa ya juya ya fuskanci bango.

Da safe na tambaye shi ko ya yarda in rubuta labarinsa. Ya ce in rubuta, amma ban da sunansa, ban da garinsu, ban da sunan makarantar. To haka za a yi.

Shekara biyar da suka wuce aka ɗauke shi a ɗaya daga cikin makarantun horon soja. Ran da sunansa ya fito mahaifinsa ya yanka rago. Aka yi walima, liman ya yi addu'a, ƙannen babansa suka taso daga ƙauye. Tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace a unguwa. Mai shayi ya ce Janar, yaran layi su ce Janar, har kakarsa da kalmar ba ta zama a bakinta sosai. Wata gwaggonsa ta ce ta ajiye masa 'yarta. Wani kawunsa ya fara lissafin yaran da za a saka aikin soja in ya zama babba. Yaro ɗan shekara goma sha takwas fa, ko takalmin bai ɗaura ba tukuna.

A wata na bakwai ya fara jin ciwo a ƙwaurinsa na hagu. Da farko sai an yi gudu yake ji. Daga baya ko tafiya ce sai ya ji kamar ana soka masa ƙusa a wuri ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa ɗaure wurin da bandeji a cikin safa, yana haɗiyar maganin kashe zafi. Na ce masa, to me ya hana ka zuwa asibiti, ba akwai asibiti a barikin ba? Ya ce, "Malam, duk sanda na kama hanyar asibitin nan, ragon nan nake gani." Wata biyu ya yi yana gudu a kan ƙashin da ya fara tsagewa, har ranar da ƙafar ta ƙi ɗaukarsa ana tsakiyar tattaki da kaya a baya. Likitoci suka duba suka ce da ya zo da wuri hutun makonni ne kawai, amma yanzu ƙafar ba za ta ɗauki aikin soja ba. Aka sallame shi. Shi da bakinsa yake cewa ba a zalunce shi ba.

Bai koma gida ba. Mahaifinsa ya sani, kuma abin da ya iya ce masa a waya shi ne, ka ɗan dakata tukuna, ban san me zan gaya wa mutane ba. Sai ya hau mota ya yo Kudu, wajen wani ɗan garinsu mai sayar da albasa a nan Fatakwal. Wata takwas yana zaune a rumfa yana riƙe masa lissafi, sallah biyu ta wuce shi a nan, a unguwarsu kuwa ana ta cewa ai Janar horo ya yi zafi, ba a barinsu zuwa hutu. Daga baya ya sake rubuta JAMB. Yanzu yana aji uku a fannin injiniya, kuma cikin mu duka a ɗakin nan babu mai makinsa. Har yau ƙarfe huɗu na asuba yake farkawa ba tare da agogo ba.

Ga abin da ya sa na ɗauko wannan zance. Yawancinmu mun ɗauka abin da ke karya yaro a wurin horo shi ne gudu da tsallen kwaɗo da rashin barci da ihun saje. Suna da wuya, ba musu. Amma waɗannan an tsara su, an auna su, dubbai sun bi ta cikinsu sun fita. Kayan da ba wanda ya auna shi ne wanda muke ɗora wa yaro daga gida: rago, walima, 'yar gwaggo, lissafin kawu, da sunan da muka raɗa masa tun bai cancance shi ba. Mun riga malam masallaci, mun ci bikin yayewa tun ranar shiga. Daga nan yaron ba shi da sauran hanyar dawowa da mutuncinsa sai da anini a kafaɗa. Wanda kuwa ya san ba shi da hanyar dawowa, zai ɓoye ciwo, zai haɗiyi abin da bai kamata ba, zai yi ƙarya, in ta ƙure ya gudu ya ɓace. Mu da muka yi dariya a zaure muna da kaso a ciki.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ba ina cewa a sassauta horo ba ne. Wanda za a tura Sambisa ko tsibiran Tafkin Chadi ko dazukan Zamfara da Birnin Gwari, ya jagoranci mutum talatin da rayukansu a hannunsa, dole a gwada shi da yunwa da gajiya da tsoro tun yana inda kuskurensa ba zai kashe kowa ba. Mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin me ake nufi da jami'in da ya ruɗe a lokacin da ake buƙatarsa, garuruwanmu ne ke biyan kuɗin. Saboda haka tankaɗe wani ɓangare ne na aikin. Ba a yin rariya don komai ya wuce.

Ku duba inda ƙararrawar nan ta McRaven take. A Koronado ne, jihar Kalifoniya, inda ake horar da zaratan sojan ruwan Amurka da ake kira SEAL. Horon farko wata shida ne. A cikinsa akwai mako guda da su kansu suke kira makon jahannama: kwana biyar da rabi cikin ruwan sanyi da yashi da ɗaukar jirgin roba a ka, barcin da mutum zai samu gaba ɗaya bai wuce awa huɗu ba. Wanda ya gaji sai ya je ya kaɗa ƙararrawa sau uku, ya ajiye hular kwanonsa a jere da na waɗanda suka riga shi. A bisa al'ada, cikin mutum huɗu da suka fara, wajen uku ba sa kaiwa ƙarshe. Kuma fa waɗannan mutane ne da aka riga aka tace, 'yan wasan ninƙaya da kokawa da ƙwallo, masu jiki kamar an sassaƙa. To shin duk raggwaye ne? Mafi yawansu wani sashe na rundunar ake tura su, su ci gaba da aiki. Wurin an gina shi ne a kan sanin cewa masu fita za su fi masu gamawa yawa.

Namu na gida bai kai haka zubar da mutane ba, amma tsarin ɗaya ne. NDA da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta fara karatun digiri a 1985, kwas ɗinta na yau da kullum shekara biyar ne, huɗu na karatun jami'a haɗe da horo, ɗaya na aikin soja zalla. Kafin ka shiga sai ka bi ta JAMB, ka yi jarrabawar tantancewa, ka tsaya gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja, a duba lafiyarka daga kai har ƙafa, sannan gurabe jiha-jiha ake raba su. In ka shiga a saka ka a bataliya, Mogadishu ko Burma ko Dalet ko Abyssinia. Daga nan ƙofofin fita suna da yawa: lafiya, ladabi, karatu, ko mutum ya ce ya fasa. Akwai kuma abin da suke kira relegeshan, wato a mayar da kai baya ka haɗu da 'yan bayanka. A Depot na Zariya, wanda yake nan tun 1924, wata shida ake yi da kurata. Nan kusa da mu a Onne akwai makarantar kuratan sojan ruwa, inda yaron da ya taso a Daura ko Gumel, wanda ruwan da ya sani bai wuce na kududdufin damina ba, zai tsinci kansa ana ce masa ya faɗa ruwan da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin wuraren nan, yiwuwar ya fito ba tare da ya gama ba tana nan tun ranar farko. Mu ne kawai ba ma son a faɗa.

Yanzu ga inda nake ganin bidiyon McRaven ya faɗi rabin gaskiya, mu kuma muka haɗiye shi a matsayin duka. Fita iri biyu ce. Akwai wadda zuciya ke kawowa, akwai wadda jiki ke kawowa. Maganin ta farko dafi ne ga ta biyu.

Ta zuciya ita ce wadda ke zuwa ƙarfe uku na dare, kana jiƙe, kana rawar sanyi, cikinka ba komai, wata murya tana ce maka wai kai me ya kawo ka nan, ga sa'o'inka can a jami'a suna barci a kan katifa. Wannan muryar maƙaryaciya ce, kuma waɗanda suka gama irin wannan horo kusan bakinsu ɗaya a kan yadda ake yi da ita. Ba sa lissafin shekara biyar ko wata shida, don lissafin kansa ya isa ya kayar da mutum. Daga wannan abinci zuwa na gaba suke lissafi: bari dai in kai karin kumallo, in an ci a ce bari in kai na rana. Abokin ɗakina ya ce shi da salloli yake yi, daga Asuba zuwa Azahar, daga Azahar zuwa La'asar, bai taɓa barin tunaninsa ya tsallake salla ɗaya ba. Sannan ba a yanke shawarar fita da dare, ba a yanke ta da yunwa, ba a yanke ta ana tsakiyar gwale-gwale. In har za ka tafi, ka bari gari ya waye, ka ci abinci, rana ta taɓa jikinka, sannan ka sake tambayar kanka. Sau da yawa in an kai lokacin maganar ta mutu. Akwai kuma numfashi: ja a hankali, riƙe, saki a hankali, har bugun zuciya ya sauka. Abin kamar wasa, amma ana koya wa zaratan sojoji shi. Sai kuma aboki. Ya ce ranar da ya fi kusa da tsallake katanga, abin da ya riƙe shi wani yaro ne ɗan Kuros Riba da ke gadon sama, wanda ya fi shi galabaita, ya ga in ya tafi wa zai riƙa tashin wannan. Mutum in ya koma lura da na kusa da shi, nasa ciwon raguwa yake yi. Kuma ihun da ake maka da zagin, ba kai ake nufi ba. An yi wa na gabanka, za a yi wa na bayanka, wani lokaci ma ka yi komai daidai a hukunta ka don a ga yadda za ka ɗauka.

Akwai binciken da ya goyi bayan wannan. Angela Duckworth, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta bi ɗaliban West Point, makarantar hafsoshin Amurka, ta wallafa a 2007 cewa naci da dagewa a kan buri guda sun fi makin shiga makarantar nuna wanda zai tsallake makonnin farko masu zafi. A 2019 ita da abokan aikinta suka dawo da bayanan ɗalibai sama da 11,000: kaifin ƙwaƙwalwa yana nuna wanda zai ci maki a aji, amma wajen kaiwa ranar yayewa, naci da ƙarfin jiki sun fi tasiri. To har nan ina tare da mai bidiyo.

Amma jiki ba ya jin wa'azi. A watan Fabrairun 2022 wani matashi mai suna Kyle Mullen, ɗan shekara 24, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka a Jami'ar Yale, ya gama makon jahannaman nan. Bai kaɗa ƙararrawa ba. Ya yi daidai abin da bidiyon ya ce. Bayan 'yan awoyi ya rasu, ciwon huhu ya ci ƙarfinsa. Binciken da rundunar ta fitar a 2023 ya samu sakaci a tsarin kula da lafiyar masu horon, ya kuma nuna yadda masu horon ke ƙin neman magani don tsoron kada a cire su. A Birtaniya, a watan Yulin 2013, sojoji uku sun rasa rayukansu sakamakon zafi a tattakin neman shiga rundunar SAS a tsaunukan Brecon Beacons da ke Wales, tafiyar mil 16 da kaya a baya, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke a 2015 cewa akwai sakaci. Zafin Wales fa, ba na Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba. Waɗannan ba ƙarancin zuciya ya kashe su ba. Da zuciyar ta gaza da wuri, da wataƙila suna raye.

Saboda haka duk mai ƙani ko ƙanwa da ke shirin tafiya, ya zaunar da shi ya koya masa bambancin wahala da rauni. Gajiya, ciwon tsoka ko'ina, kumburin tafin ƙafa, yunwa, barci a tsaye, kuka a ɓoye, duk wahala ce, a daure. Amma ciwon da ke wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa kullum, wannan tsagewar ƙashi ce ke sallama. Fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, wannan tsoka ce ke narkewa tana zuba cikin jini, kuma ƙoda take nufa. Mutum ya fara tangaɗi cikin rana, yana magana ba kan gado, bai san inda yake ba, wannan zafi ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, mintuna ake lissafi, a sanyaya shi da ruwa nan take a kira likita. Tari da jini ko kumfa, numfashi yana gagara ko a zaune, asibiti kai tsaye. Sannan kowa ya san rukunin jininsa na gado. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, lafiyarsu ƙalau, amma bincike a kan sojojin Amurka ya nuna haɗarin narkewar tsokar nan ya fi yawa a gare su, don haka shan ruwa da sabawa da aiki a hankali ba abin wasa ba ne. Masu neman a gyara musu takardar asibiti don su tsallake tantancewa kuwa, kansu suke yi wa.

Ni abin da ya fi burge ni a duk abin da na karanta shi ne tsarin sojan ƙundumbalar ruwan Birtaniya, Royal Marines. Horonsu a Lympstone mako 32 ne, yana cikin mafi tsawo a irinsa. Amma suna da wani kamfani na musamman mai suna Hunter, aikinsa kawai karɓar waɗanda suka ji rauni, a yi musu jinya da motsa jiki, in sun warke su koma su ci gaba da wata tawagar. Wato su a wajensu wanda ya ce ƙafata ta samu matsala bai zama rago ba, kadara ce da ake gyarawa. Ba su sassauta gwajin ƙarshe ba ko kaɗan. Irin wannan tunanin nake so ya shigo gidajenmu. A mayar da kai baya shekara ɗaya ka gama tare da 'yan bayanka, da a sallame ka da ƙafar da ba za ta ƙara gudu ba, wanne ya fi? Da abokina ya yarda da kunyar mako shida, da yanzu wataƙila yana da anininsa.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a masallaci: in ka gaya wa yaro ƙofar gida a buɗe take, ai ranar farko da ya sha wuya zai biyo ta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, akwai yaran da sai an tsare musu gaba da baya. Amma ku duba Koronado da kyau. Ƙararrawar a fili take rataye, kowa yana ganinta, ba mai hana ka zuwa. Da gangan aka yi haka, don suna son wanda ya ga hanyar fita ya zaɓi zama. Wanda tsoron gorin unguwa ne kaɗai ya riƙe shi, in ya gama ma me aka samu? Jami'in da ya koyi ɓoye matsala don kada a ga gazawarsa. Gobe shi ne zai ɓoye wa na sama da shi cewa harsashi ya kusa ƙarewa ko yaransa sun gaza. Ban ga ribar da ƙasa ta ci ba a nan.

Wani abin da ba ma son tattaunawa: burin na wane ne? Da yawa cikin masu cike fom ɗin nan ba soja suke so ba, aiki suke so. Karatu kyauta, alawus, albashi ranar da ka gama, ga kaki da ke sa a daina taka gidanku. A halin da ake ciki ba zan zargi kowa da wannan lissafi ba, ni ma na yi shi. Amma ƙarfe ukun daren nan da na faɗa, albashi ba ya amsa tambayar da zuciya ke yi. Burin Baba ma ba ya amsawa. Kafin a saya wa yaro fom a tambaye shi, shi kaɗai, ba a gaban dattawa ba, a kuma ba shi damar cewa a'a ba tare da an ɗaure masa fuska wata uku ba.

In ya ce yana so, to ba a fafe gora ranar tafiya. Addu'a muna yi kuma za mu ci gaba, amma wasu gidajen shirinsu gaba ɗaya rubutun sha ne da neman lambar wani Kanar. Ƙashin ƙafa watanni yake ɗauka kafin ya saba da gudu, wanda ya tashi daga zaman majalisa ya faɗa gudun kilomita goma kullum shi ne ƙwaurinsa ke fara tsagewa. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako, wata shida ko fiye kafin tafiya. A koyi ruwa a wurin da akwai mai kula. A saba da rabuwa da waya. Kada kuma a raina littafi: mutum zai iya zama zaki a fili, lissafi ko Turanci ya fitar da shi, don karatun digiri ake yi da idon da bai yi barci ba. Sai maganar ƙwaya. Bayan rasuwar Mullen rundunar ruwan Amurka ta shiga gwada zaratanta don gano masu shan magungunan ƙara ƙarfi. Mu namu tiramol ne da 'yan uwansa, kuma kun san yadda suka yi wa unguwanninmu. Abin da ƙwaya ke yi shi ne ta kashe ƙararrawar da jiki ke kaɗa maka, ka ci gaba da taka ƙafar da ta karye. In an kama ka kuma, korar ba ta da roƙo.

'Yan mata ma suna ciki, tun 2011 NDA ta fara ɗaukar mata a kwas na yau da kullum. Su nasu nauyin ninki biyu ne: an yi surutu da za su tafi, in suka dawo a ce ai dama mun faɗa.

To wanda ya riga ya dawo fa? Suna nan cikinmu a makarantun nan, a Fatakwal, a Ibadan, a Legas, a Nsukka, fiye da yadda kuke zato. Za ka gane su da yadda suke ninke bargo da yadda ba sa son a ɗauko hirar soja. Wasu sun zaɓi karatu a Kudu ne musamman don nan ba wanda ya san an taɓa ce musu Janar. In Allah ya haɗa ka da irinsu, ba sai ka yi masa jaje kamar an yi mutuwa ba, ba kuma sai ka tsare shi da tambayar me ya faru ba. Ka taya shi neman takardunsa na sakandare, ka nuna masa yadda ake cike JAMB in shekarun sun sa ya manta, ka ja shi ƙwallo ko karatun dare. In ka ga ya daina cin abinci, ba ya barci, yana maganar gara ma ya mutu, kada ka ce masa ya yi haƙuri kawai ka wuce, ka raka shi asibitin makaranta, ka zauna da shi. Watannin farko bayan sallama su ne masu haɗari, lokacin da mutum ya rasa kakin, ya rasa abokan, ya rasa sunan, gida kuma ana jiran bayani.

Ƙanina na bi na yana son cike fom bana. Na kira Hajiya na roƙe ta abu biyu. Na ɗaya, in Allah ya sa sunansa ya fito, a yi sadaka a ɓoye, ragon a bar shi sai ranar faretin yayewa, kuma duk wanda ya ce masa Janar a gidan a ce ya kira shi da sunan da Baba ya raɗa masa. Na biyu, ranar da zai tafi ta gaya masa da bakinta, a gaban Baba, cewa ɗakinsa yana nan, ko da anini ya dawo ko da jakarsa kawai. Ta yi shiru, sannan ta ce na farkon mai sauƙi ne, na biyun sai ta shawo kan Baba tukuna. Muna kan maganar.

Kai kuma ɗan uwa da ka kawo labarin yaron unguwarku a zaure, ban ambaci sunanka ba kuma ba zan ambata ba, na san ba da mugunta ka yi ba, ni ma da shekara uku baya ne da na taya ka dariya. Abokin ɗakina ya ce in roƙe ka ka turo min lambar yaron ta akwatin saƙo. Yana so ya kira shi in ya fito daga gwajin da yake da shi gobe ƙarfe takwas.